Yaran Da Ciwon Cikinsu Ba Ya Faɗuwa: Galahanga A Zamanin Korona A Sakkwato

A ranar 20 ga Afrilu, 2020, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ba da sanarwar samun mutum na farko mai cutar korona a Jihar Sakkwato, kusan wata biyu bayan ɓullarta a Legas ranar 27 ga Fabrairu. Kafin nan an riga an rufe makarantu, sa'an nan daga 4 ga Mayu Gwamnatin Tarayya ta hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Kowa ya ji jiki, amma akwai waɗansu yara da wahalarsu ba ta shiga sanarwar kowa ba, su ne masu galahanga, wadda likitoci suke kira otizim.

Galahanga ba taɓin hankali ba ce, ba kuma shafar aljanu ba, ko da yake a unguwanni irin su Ƙofar Dundaye, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Shehu, sau da yawa wajen mai ruƙiyya ake fara kai yaro. Wani yanayi ne na ginuwar ƙwaƙwalwa, wanda likita Leo Kanner ya bayyana a Amurka a 1943. Yaro yakan yi jinkirin magana ko ya rasa ta, ba ya son a sāke masa abin da ya saba, ƙara ko wani irin taɓi kuwa kan dame shi ƙwarai.

Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne zancen ciki. Wani nazari da mujallar Pediatrics ta buga a 2014 ya nuna cewa irin waɗannan yara sun fi sauran yara fama da matsalar ciki wajen ninki huɗu. Wadda ta fi yawa ita ce taurin bayan gida. Dalili kuwa a fili yake. Yaro yakan kafe a kan abinci iri biyu ko uku, kamar burodi da shayi ko farar shinkafa, ya ƙi miyar kuka, ya ƙi zogale, ruwa ma sai da lallashi. A zafin Afrilu na Sakkwato, inda ma'auni kan wuce 40, jiki yakan tsotse ruwan da ke cikin hanji, bayan gida ya sandare. Idan yaro ya yi yunƙuri ya ji zafi, gobe sai ya riƙe, riƙon kuwa ya ƙara taurin. A ƙarshe wani ruwa-ruwa yakan zurara ta gefen abin da ya toshe ya ɓata wando, uwa ta ɗauka gudawa ce, ta aika kemis a sayo maganin tsayar da zawo. Ke nan an ƙara wa borno dawaki.

Yaron da ba ya magana ba zai ce cikinsa ke ciwo ba. Sai dai ya kwana yana kuka, ya danna cikinsa a bakin gado, ya ciji hannunsa ko ya buga kai a bango. Mutanen gida su ce rigimarsa ce ta tashi, wani lokaci har da bulala.

A cikin wannan hali annoba ta same su. Sakkwato ba ta rasa wuraren zuwa ba: akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Amma a watannin nan asibitoci da dama a ƙasar nan sun rage ganin marasa lafiya na yau da kullum, jama'a kuma suna gudun asibiti don tsoron kada a ce korona ce a killace su a Amanawa. Ga sharaɗin takunkumi, wanda yaron da ba ya jure ko wuyan riga ba zai bari a ɗaura masa ba. Rufe makarantu, har da ta A. A. Raji ta masu buƙata ta musamman, ya rushe tsarin lokacin ci da na zagayawa da yaran suka saba. Uban da kasuwarsa ta tsaya a tsakiyar azumi kuwa ba ta gwanda ko lemo yake yi ba.

Akwai wata jita-jita da ta sake tasowa da zuwan allurar korona a 2021, cewa rigakafi ke jawo galahanga da ciwon hanji. Asalinta wata takarda ce da Andrew Wakefield ya buga a mujallar Lancet ta Ingila a 1998, wadda mujallar ta janye a 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci.

Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi a ba su fifiko a layi da kulawa a asibiti. Sai dai galahanga ba ta da sanda ko keken guragu da ma'aikacin bakin ƙofa zai gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa na korona a ranar 5 ga Mayu, 2023, amma har yanzu uwar da ta kawo yaro yana ihu a layin kati ita ce ke da aikin bayyana cewa kwanansa biyar bai zagaya ba.