Tsakanin Daji Da Filin Ƙwallo: Shawara Ga Iyayen Matasan Birnin Gwari

Kwanakin baya wani dattijo daga cikin dangin mahaifiyata ya taso takanas daga Birnin Gwari ya same ni da magana mai nauyi. Ɗansa mai shekara 17 ya ajiye karatu a aji biyar na sakandare, ya ce shi ƙwallo zai buga, kuma wani mai kiran kansa ejan ya yi alkawarin fitar da shi Turai idan an biya kuɗin biza da na jirgi. Dattijon na shawarar sayar da gona. "Malam," in ji shi, "kai ne ɗan boko, ka faɗa mini gaskiya: abin nan wasa ne ko sana'a?"

A matsayina na ɗalibin harshe, tambayar ta tsaya mini a rai. Bahaushe ya sanya ƙwallon ƙafa a rukunin wasa, kalmar da yake amfani da ita ga langa da 'yar tsana da duk abin da ba na gaske ba. Dambe kuwa, duk da shi ma wasa ake ce masa, an san shi da mahauta, yana da gida, yana da makaɗa. Ƙwallo ba ta da gidan gado a ƙasar Hausa, shi ya sa uba bai san ma'aunin da zai auna ta da shi ba: ko dai ya hana ɗungurungum, ko kuma ya saki jiki da duk wanda ya zo masa da daɗin baki.

Ni ban goyi bayan hanawa ba, musamman a Birnin Gwari. Mai karatu ya san abin da wannan masarauta ta gani. Dajin Kamuku, wanda aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Mayun 2018 an kashe mutane fiye da 40 a ƙauyen Gwaska, a watan Maris na 2021 kuma aka sace malamai uku a makarantar firamare ta Rama. Hanyar Kaduna, mai tsawon kusan kilomita 120, ta daɗe ba ta biyuwa sai da rakiyar jami'an tsaro, kuma sai a ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara bayan sulhu da 'yan bindiga. Yaron da ya tashi a cikin wannan hali, noma ya gagara, makaranta yau a buɗe gobe a rufe, masu zawarcinsa biyu ne: ramin haƙar zinariya da kuma daji. Idan fili ya riƙe shi daga La'asar zuwa Magariba, ya koya masa bin doka da haƙuri da rashin nasara, wallahi ba ƙaramin aiki ya yi mana ba.

Kuma burin yaron ba hauka ba ne. A wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta, inda Nijeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2, biyu daga cikin ƙwallayen haifaffun Kaduna ne suka ci su, wato Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, ga kuma Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikin tawagar. A 2010 Kaduna United ta ɗauki Kofin Tarayya. Jihar nan ba baƙuwar tamaula ba ce.

To amma fa ƙofar ƙunci gare ta. Babbar gasar Nijeriya kulob 20 ne kacal, alhali kowace unguwa tana da gwaninta. Wanda ya samu shiga ma, jarinsa gwiwa ce da idon sawu. Amokachi, duk da ƙarfinsa, ciwon gwiwa ya raba shi da manyan kulob na Turai tun bai cika shekara 30 ba. Sadiq Umar, shi ma ɗan Kaduna, bai yi wata guda da komawa Real Sociedad ta Sifen a 2022 ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya rasa sauran kakar wasan. Waɗannan suna da likitoci da yarjejeniya a rubuce. Ɗan ƙauye da ya karye a filin burji wa ke gare shi?

Abin da na faɗa wa dattijon shi ne, Baba, kada ka sayar da gona. Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa kulob na wata ƙasa, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa da ba su shafi ɗanka ba, don haka duk wanda ya ce zai fitar da shi bana, ko dai bai san aikinsa ba ko kuma ya san shi fiye da kima. Hanyar da aka sani ita ce wadda Ahmed Musa ya bi: ya buga wa Kano Pillars, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasa, sannan kulob ɗin VVV-Venlo na ƙasar Holan ya neme shi a 2010. Ba iyayensa suka biya ba, kulob ne ya biya.

Sai sharaɗi na biyu, wanda shi ne ya fi ɓata wa yaron rai: ya koma aji, ya zana jarrabawar kammala sakandare. Da wannan takarda, ko ƙafa ta ƙi, yana iya karanta ilimin motsa jiki da lafiya a kwalejin ilimi ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zama malamin wasanni, ko koci, ko alƙalin wasa, ko mai gashin jijiya ga 'yan wasa. Mu 'yan bokon Arewa mun raina waɗannan kwasa-kwasai, muna tura kowa likitanci da lauyanci, sannan mu zauna gaban talabijin muna ƙorafin babu 'ya'yanmu a Super Eagles.

Mun rabu a kan cewa yaron zai zo Kaduna a hutun ƙarshen zango, in kai shi gwaji wajen wani koci da na sani, wanda ba ya karɓar ko sisi. Idan kocin ya ce akwai ƙafa, sai mu yi maganar mataki na gaba bayan jarrabawa. Gonar kuwa an riga an yi mata sharar shuka, dattijon ya ce masara zai sa bana.