Ba Kowane Babban Ciki Ba Ne Saifa

Duk sukarin da ke yawo a jinin baligi a kowane lokaci bai fi cikin ƙaramin cokalin shayi ba, wajen giram 4 zuwa 5. Ƙwaƙwalwa kuwa ita kaɗai takan cinye kusan giram 120 a yini, ba ta hutu, ba ta kuma ajiye komai don gobe. To ta yaya manomi a Achilafiya zai yi sahur kafin asuba, ya wuni yana sharar gona cikin zafin bazara, har ladan ya kira magariba bai yanke jiki ya faɗi ba? Amsar tana ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, a cikin hanta.

In mutum ya ci tuwon dawa ko ya sha furar gero, hanji kan narkar da sitacin ya koma sukarin da likitoci ke kira gulukos. Abin da jiki bai buƙata nan take, hanta ce ke kwashe shi, ta ɗaure dubban ƙwayoyinsa wuri guda su zama wani abu mai rassa da ake kira gilaikojin. Wani masani ɗan Faransa, Claude Bernard, shi ya fara fitar da shi daga hanta a 1857. Hantar baligi takan riƙe kusan giram 100, abin da zai kai mutum wajen kwana guda in bai ci komai ba. Wato hanta rumbu ce, gilaikojin kuma dammunan da aka jera a ciki. Amma kowane magidanci ya san cikar rumbu ba ta ɗora tukunya. Sai an hau an buɗe, an sauko da dami, an sussuke.

Buɗewar tana da matakai. Da zarar sukarin jini ya fara ja baya, wata halitta da ke bayan tumbi, fankiriyas, takan saki sinadarin gulukagon ya tafi hanta da saƙo. A cikin ƙwayoyin hanta akwai sinadarin aiki mai suna fosforiles, shi ne ke tsinke sukari ɗaya bayan ɗaya daga rassan gilaikojin. Carl Cori da matarsa Gerty Cori ne suka bayyana aikinsa, aka ba su lambar Nobel a 1947. Sai dai fosforiles a kwance yake, ba ya taɓuka komai sai wani sinadarin ya zo ya manna masa ƙwayar fosfet. Wannan mai tayarwar shi ne fosforiles kaines. Edmond Fischer da Edwin Krebs suka gano shi a birnin Siyatil na Amurka a tsakiyar shekarun 1950, su ma aka ba su Nobel a 1992, domin daga baya an fahimci cewa da irin wannan manna fosfet da cire shi ne ƙwayoyin jiki ke kunna ayyuka masu yawan gaske su kuma kashe su. Wasu magungunan cutar daji na yau a kan wannan ilimi aka gina su.

Fosforiles kaines ba ƙaramin abu ba ne. Yanki 16 ne a haɗe, iri huɗu, kowane iri guda huɗu, kuma kowane iri akwai ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi. Yankin da ke manna fosfet ɗin a hanta, ƙwayar gado mai suna PHKG2 ce ke tsara shi, tana kan kuromosom (wato ɗaurin ƙwayoyin gado) na 16. Ƙwayar gadon wani yankin, PHKB, ita ma tana kan na 16. Akwai yankin da ke jin motsin kalsiyam. Sannan akwai PHKA2, wadda ke tsara babban yanki mai kula da lokacin da za a kunna aikin a hanta, ita kuma tana kan kuromosom na X. Wannan zama nata a kan X yana da muhimmanci ga iyali, za mu zo kansa.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyin gado ta zo da tangarɗa, hanta za ta ci gaba da karɓar ajiya amma fitarwa ta yi mata wuya. Gilaikojin ya yi ta taruwa, hanta ta kumbura, jini kuma ya rasa sukari a daidai lokacin da ake nemansa. Likitoci na kiran wannan cutar tara gilaikojin nau'i na 9. Ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne haihuwa ɗaya cikin 100,000, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na masu ita daga PHKA2 matsalarsu take.

Ga yadda takan bayyana a gida. Yaro ɗan shekara biyu ko uku, ciki ya yi gaba har 'yar rigarsa ba ta rufe cibiya, amma ba rama irin ta yunwa gare shi ba, sau da yawa ma kumatunsa a cike suke. Sa'o'insa duk sun fi shi tsawo. Wani yakan yi jinkirin tafiya. Tun kafin a idar da sallar asuba ya farka da kukan yunwa, jiki a sake, goshi da gumi, wani lokaci da amai ko wani irin wari-wari a numfashi, saboda jiki ya koma ƙona kitse. Ana ba shi koko ya sha, sai ka ga ya miƙe ya shiga wasa kamar ba shi ba. Uwa ce ta fi kowa sanin wannan tsari, kuma sau da yawa ba wanda ya taɓa tambayarta.

Mace tana da kuromosom X biyu, namiji ɗaya tak, wanda ya samu daga mahaifiyarsa. Mace mai ɗauke da PHKA2 mai tangarɗa galibi lafiyarta ƙalau, domin ɗaya X ɗin ya rufa mata asiri. Amma duk ɗa namiji da za ta haifa, yana iya ɗauka yana iya tsira, rabi da rabi. Uba kuwa ba ya ba ɗansa namiji X, don haka ba ya gadar masa da ita, sai dai 'ya'yansa mata su ɗauka su kai gaba. Wasu masu bincike biyu, Huijing da Fernandes, sun nuna wannan salon gado a 1969 bayan bin diddigin wani babban dangi a ƙasar Holan. Shi ya sa tambayar da ta fi amfani a nan ita ce ta dangin uwa: kawun yaron, yana ƙarami, ya yi babban ciki? Ɗan 'yar'uwar mahaifiyarsa fa? Kaka takan tuna irin wannan sarai. Kuma kada wani ya mai da wannan bayani abin gori ga matar gida. Ba ita ta zaɓa ba, ita ma gada ta yi.

PHKG2 hanyarta daban. Sai yaro ya gaji mai tangarɗa daga uwa da uba duka biyu kafin cutar ta fito, kuma mace da namiji duk ɗaya ne. Irin wannan gado ya fi haɗuwa inda ake auren zumunci, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura. Wannan nau'in bai kai na farko yawa ba, amma ya fi shi tsanani, yana iya sa hanta ta yi tabo ta ƙandare tun yaro bai girma ba.

Gaskiya ce, in aka tara yara masu babban ciki daga ƙauyukan 'Yankwashi, mafi yawansu ba wannan ke damunsu ba. Akwai saifar da zazzaɓin cizon sauro ya kumbura, akwai tamowa, akwai sikila, akwai tsutsar ciki. Waɗannan ya kamata a fara nema. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yanke hukunci tun kafin a taɓa cikin. Da an ga ciki ya fito sai a ce saifa ce, a nemo jiƙo, wani lokaci a kira wanzami ya yi tsaga. Alhali saifa a hagu take, hanta a dama, kuma ma'aikacin lafiyar da ya kwantar da yaro ya ɗora tafin hannu a ƙasan haƙarƙari yakan iya bambance su cikin minti ɗaya. Tsaga ba ta rage hanta ko saifa, abin da take ƙarawa shi ne zubar jini da haɗarin shigar cuta ta aska.

Akwai kuma abin da ya fi wannan cuta faɗi. Faɗuwar sukarin jini tana cikin abubuwan da ke kashe yara masu zazzaɓi mai tsanani da masu tamowa, domin ajiyar hantar yaro kaɗan ce, ƙwaƙwalwarsa kuma babba ce in aka gwada da jikinsa. Yaron da ya kwana biyu bai ci ba saboda zazzaɓi, hantarsa ta riga ta zama fanko. Jijjiga ko suman da ake ɗora wa iska, wani lokaci rashin sukari ne zalla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yaro mai tamowa mai tsanani, in awo ya nuna ƙasa da 3 a ma'aunin milimol, a ɗauke shi a matsayin gaggawa. Na'urar awon 'yar ƙarama ce, tana shiga aljihu, ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya ishe ta. A ganina babu hujjar da za ta sa a sami asibitin sha-ka-tafi a Achilafiya, Karkarna ko wani gari a masarautar Kazaure da ba shi da ita tare da tsinkayen gwajinta. Na'ura ba tsinke ba ta da amfani, kuma tsinken ne ke fara ƙarewa. Wannan aikin ƙaramar hukuma ne da hukumar kula da lafiya matakin farko ta jiha, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Kafin a kai asibiti, yaron da ya galabaita amma yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari ko nono. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai, zai iya shaƙewa. A ɗan jiƙa sukari a sa masa a ƙarƙashin harshe, a kwantar da shi ta gefe, a kama hanya. An gwada wannan dabara a kan yara a Burkina Faso da Mali, an ga tana ɗaga sukarin jini.

Idan kuwa an duba an ga hanta ce babba, ba zazzaɓi, ba tamowa, gwajin sikila ya fita lafiya, kuma ga tarihin kasalar asuba, to a nemi hoton ciki da gwajin hanta a Babban Asibitin Kazaure, daga nan a nemi takardar turawa zuwa sashen yara na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Gwajin ƙwayar gado ne ke tabbatar da ko PHKA2 ce ko PHKG2, kuma yana da tsada. Amma likitan da ya yi zargin cutar yana iya fara taimaka wa yaro tun kafin a kai ga wannan.

Maganin kusan duk a abinci yake. Kada a bar yaro ya daɗe da yunwa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, a ƙara masa wake, ƙwai, nono, kifi da gyaɗa, domin hanta na iya ƙera sabon sukari daga irin waɗannan ta wata hanyar da cutar ba ta taɓa ba. A rage alewa da lemon kwalba, don suna ƙara cika hantar da ta riga ta cika. Da dare, likitoci kan ba da ɗanyen sitacin masara a dama da ruwan sanyi kafin barci. Hikimar ita ce ɗanyen sitaci a hankali yake narkewa, ya yi ta sakin sukari har gari ya waye. In aka dafa shi ya zama koko, wannan amfanin ya tafi. Likita ne ke auna yawansa bisa nauyin yaro, kuma ba a ba jarirai 'yan watanni, don hanjinsu bai iya narkar da shi ba tukuna. Ranar da yaron ya kamu da zazzaɓi ko amai ya ƙi cin abinci, ba a jira da shi a gida.

Batun azumi ma sai an yi hattara. Yaranmu kan yi gasar kai azumi tun ba su balaga ba, amma mai wannan lalura kada a bar shi ya shiga sahu sai likita ya amince, kuma addini ya riga ya yi wa mara lafiya rangwame. Yawancin masu nau'in PHKA2 suna samun sauƙi yayin da suke girma: hanta ta koma daidai, tsawo ya biyo baya ko da a makare, su yi aure su yi noma kamar kowa. Masu nau'in PHKG2 kuwa suna buƙatar a riƙa duba hantarsu lokaci-lokaci har bayan sun girma.