Me ke sa huhu kumburi bayan aikin tiyatar zuciya?

Idan likitoci za su gyara ƙofar zuciya da ta lalace, sukan tsayar da zuciyar, su haɗa majinyaci da na'urar da ke tura jini tana ba shi iskar oksijin. Likita John Gibbon ne ya fara yin nasara da ita a Amurka a shekarar 1953.

Sai dai huhu na shan wahala. Jini na bi ta bututun roba, fararen ƙwayoyin jini su ɗauka maƙiyi ne ya shigo, su tada faɗa. Shi kuwa huhu yana kwance ba iska. Da jini ya koma masa sai ya kumbura, ruwa ya taru, majinyaci ya daɗe a kan na'urar numfashi.

Don rage hakan, ana taƙaita lokacin da ake yi a kan na'urar, ana kuma amfani da bututun da aka shafa wa maganin heparin. An daɗe ana sa rai da magungunan kortizon, amma babban gwajin SIRS na 2015, kan majinyata sama da 7.000, bai nuna sun rage mace-mace ba.

Majinyaci ma na da nasa aikin: ya bar taba makonni kafin tiyata, bayan ta kuma ya tashi ya taka da wuri, ya riƙa jan dogon numfashi yana tari ko da ƙirji na ciwo.