Ƙarshen damina: ki ɗanɗana, ki kuma duba jikinki

Wadda ba ta samu sauraron shirinmu na wannan mako ba, ko batir ne ya mutu ko ruwa ne ya tsare ta a gona, ga abin da muka tattauna a rubuce.

Marka ta wuce. Agusta ya zubar da ruwansa, yanzu ga mu a Satumba, hadari yana haɗuwa jefi-jefi, safiya kuma da raɓa har ta jiƙa bakin zane. Daga Maraɗi zuwa Katsina, daga Damagaram zuwa Daura, ko'ina ki bi hanya kore ne shar, gero ya ƙosa, wake yana fure. A bakin tasha hancinki ne zai fara ba ki labari: hayaƙin gasasshiyar masara, tururin dafaffiyar gyaɗa, gwaiba a faranti tana ƙamshi tun daga nesa. Nono ya yi sauƙi don shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa. Ni kuwa a wurina sarkin wannan lokaci shi ne tumu. Ƴan birni da ba su san shi ba, zangarniyar sabon gero ce ake babbakawa a wuta, a murje a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, a afa a baki da ɗuminsa. Makonni kaɗan yake yi a shekara, da gero ya bushe shi ke nan sai baɗi.

To amma tambayar da muka yi a shirin ita ce: cikin duk wannan albarka, nawa ne yake shiga bakin uwar gida?

Ku gafarce ni iyayena, ni ƙaramar ƴa ce a gabanku, amma abin da na gani zan faɗa. A gidan da na tashi, innata ce ke tsinko ganye, ita ke dafawa da jiƙaƙƙen itace hayaƙi yana cin idonta, ita ke rabawa. A zuba na maigida, a zuba na yara, a ɗebi na maƙwabta, ita kuma ta zauna da ƙanzo. Kuma wannan lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai shigo ba, ga aikin gona ya ci ƙarfin jiki wata uku. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mace ta fi namiji buƙatar sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan lafiya ke ce wa ayon, saboda jinin al'ada da take zubarwa kowane wata, ga ciki, ga haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kusan mace 1 cikin 3 masu shekaru 15 zuwa 49 tana fama da ƙarancin jini, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma yana cikin inda abin ya fi tsanani.

Saboda haka ki fara da harshenki. Zogale, rama, tafasa, yakuwa, alayyafo, ɗanyar kuɓewa, yanzu ne suke da yawa da araha, wasu ma kyauta a bayan gida. Sai dai gaskiya guda: ayon ɗin da ke cikin ganye jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama, hanta ko kifi. Abin da ke taimaka masa shi ne bitamin C. Kenan idan kika yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ki yanka tumatir ɗanye, ki matsa lemun tsami, ko ki bi shi da gwaiba guda, wadda ta fi lemun zaƙi yawan wannan bitamin. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana hana jiki zuƙar ayon. Ban ce ki bar shayinki ba, wa zai iya raba mu da shi? Ki dai ba shi tazarar kamar awa guda bayan cin abinci. Kada kuma ki dafa ganye har ya yi baƙi, kuma ki rage kanwa, don doguwar dahuwa da kanwa duk suna kashe bitamin C.

Akwai wani abu da mata da yawa suke ɓoyewa. Idan yayyafi ya sauka a kan busasshiyar ƙasa kowa yana jin daɗin ƙamshin. Amma idan abin ya kai ki ga ɓantarar bango kina tsotsa, ko kina aiken yara sayen farar ƙasa a ɓoye, wannan ba kwaɗayin ciki kaɗai ba ne. Sau da yawa yana tafiya tare da ƙarancin ayon a jiki, kuma cin ƙasar yana iya ƙara matsalar, ga tsutsar ciki. Ba abin kunya ba ne, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya. Ki kuma ɗauki madubi da hantsi, ki ja fatar idonki ta ƙasa. Ja ya kamata ki gani. Idan ta yi fari-fari, tafin hannunki ma ya koɗe, kina jin jiri idan kin miƙe, zuciya tana bugawa don kin ɗauko bokiti guda, to ki je a auna jininki. Mai ciki kuma, ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo ba a maye gurbinsu da zogale, duk amfaninsa. A haɗa su biyun.

Babban ɓarawon jini a wannan lokaci shi ne zazzaɓin cizon sauro. Mutane suna sakin jiki da zarar ruwa ya fara ɗaukewa, alhali yanzu ne ciwon ya fi yawa. Kududdufan da marka ta bari suna nan, sauro yana tashi daga ƙwai zuwa babba cikin kamar kwana 10, ciwon kuma yakan bayyana kwana 10 zuwa 15 bayan cizo. Shi ya sa asibitoci suke cika a Satumba da Oktoba. Ƙwayar cutar tana fasa ƙwayoyin jini ne, kuma ga mai ciki tana iya laɓewa a mahaifa ba tare da ta ji zazzaɓi mai ƙarfi ba, jariri ya zo ƙarami. Akwai maganin rigakafi da ake kira SP, wanda aka fi sani da Fansidar, ana ba mai ciki wurin awo bayan ta wuce wata ukun farko, tsakanin sha da sha aƙalla wata guda, kuma ana so ta samu sau uku ko fiye. Kada ki saya ki sha da kanki a farkon ciki. Idan kuma jikinki ya yi zafi, a yi gwaji tukuna, digon jini ne a ɗan yatsa, minti 15 zuwa 20 an gama.

Masu bi gida-gida da maganin yara ƴan wata 3 zuwa 59 suna zuwa kowane wata a damina, a Nijar da Najeriya duka. Su suke ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku a hannunki yake. Kada ki ajiye shi don wai yaro lafiyarsa lau, ai don mai lafiya aka yi shi.

Sabuwar gyaɗa da masara ma sai da lura. Idan ba su bushe sosai ba aka zuba a buhu, sukan yi fumfuna, wadda ke fitar da guba mai suna aflatozin, mai cutar da hanta. Suya ko dahuwa ba sa kawar da ita. Abin da ke damuna shi ne, mai kyau ake kaiwa kasuwa, tsintar da ta yanƙwane ko ta canza launi ita ake bari a gida a yi ƙuli. Wadda ta yi ɗaci a baki ko take warin danshi, tofar da ita.

Ƙafa kuma, mai wanke-wanke da shiga taɓo ta san cin ruwa. Ki riƙa share tsakanin yatsu su bushe kafin ki kwanta, kayan ciki kuma a shanya su a rana su bushe ƙarau, ba a bayan ƙyaure ba.

Wata mai sauraro ta tsokane ni cewa na ɗauko zancen daɗi na mai da shi zancen asibiti. Tana da gaskiya, don haka ga daɗin. Ruwan da ya rage bai fi a ƙirga ba. Daren da ya sauko, ki gama abin da za ki gama da wuri, ki saki gidan sauro ki soke gefensa, ki kwanta ki saurare shi a kan rufin kwano, da kwaɗi suna amsa wa juna daga tafki. Da safe kafin gida ya tashi, ki ɗebi furarki ta sabon gero da nono mai kauri, ki sha a zaune, ba a tsaye bakin murhu ba. Idan yaro ya kawo tumu, naki kason a tafin hannunki, ba sai abin da ya rage ba.

Kafin ganye ya yi tsada, ki tsinki zogale ki wanke ki shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, don rana tana ƙone korensa da wani ɓangare na amfaninsa. Idan ya bushe har yana murmushewa, ki zuba a abu mai murfi. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, a kan busar da kuɓewa da tumatir za mu zauna, kuma muna jiran dabarun iyayenmu na karkara.