Yadda za ka haɗa sikelin lantarki da wayarka ko kwamfuta

Duk wanda ke awon riɗi ko wake a kasuwar Mai'adua ko cikin garin Daura ya san inda rigima ke tashi: sikeli ya nuna kilo 98, mai rubutu ya sa 89 a littafi. Maganin wannan shi ne sikelin ya riƙa aika lambar da kansa zuwa na'ura.

Duba bayan allon sikelin. Idan ka ga wata kafa mai ƙusoshi ko ramuka 9, sunanta RS-232, tsarin da aka fito da shi a Amurka tun 1960, har yau kuma yana aiki. Kwamfutocin yanzu ba su da wannan kafa, saboda haka za ka sayi kebul mai juya USB zuwa RS-232. Mai wayar Android zai ƙara da ɗan mahaɗin OTG. A kula: akwai wani mai arha da ake kira USB-TTL, na bolt 3.3 ko 5 ne kawai, alhali RS-232 kan kai bolt 15. Kada ka yarda a haɗa ka da shi, yana iya ƙonewa.

A waya, sauke manhajar Serial USB Terminal daga Play Store. A kwamfuta, PuTTY ta wadatar, sai ka duba lambar COM a Device Manager.

Nan ne mutane ke gajiya. Sikeli da waya ba sa tambayar juna da wane sauri za su yi magana, kai ne za ka daidaita su. Fara da 9600 da 8N1, domin shi aka fi amfani da shi, sannan ka tabbatar a littafin sikelin. Idan rubutu ya fito a hargitse kamar tafiyar tsutsa, kebul ɗinka lafiya lau, saurin ne bai zo ɗaya ba. Gwada 4800 ko 2400. Idan kuwa shiru ka ji, ko dai sikelin na jiran ka danna maɓallin PRINT, ko kuma wayoyin ciki ne. Ƙusa ta 2 da ta 3 su ne na karɓa da aikawa, ta 5 ta ƙasa ce. Wani sikelin sai an musanya 2 da 3, aikin da mai gyaran waya zai yi maka cikin minti biyar.

Lambobin da suka fito za ka iya adana su, ka tura wa mai kaya ta WhatsApp kafin mota ta tashi.