Wa Zai Biya Kuɗin Katange Kududdufi?

A shekarar 2002 wata yarinya 'yar shekara bakwai, Virginia Graeme Baker, jikar tsohon sakataren harkokin wajen Amurka James Baker, ta rasu a kwamin wanka. Bututun da ke zuƙe ruwa a ƙasan kwamin ne ya manne ta, mahaifiyarta ta yi ta ja amma ta kasa ɓamɓare ta. A 2007 Amurka ta yi doka da sunan yarinyar, wadda ta wajabta wa kowane wurin ninkaya na jama'a sa wa irin wannan bututu murfin da ba ya kama jikin mutum, ta kuma tanadi tallafin kuɗi ga jihohi da ƙananan hukumomi domin horar da masu duba wuraren da faɗakar da iyaye. Dokar kenan ta zo da guzurinta, domin an san umarnin da ba a ware masa kuɗi ba a takarda yake ƙarewa.

Mai karatu zai iya cewa wannan damuwar masu hali ce, talakan da ke fama da tsadar masara ina ruwansa da wurin ninkaya na otal? Akwai gaskiya a maganar, sai dai ruwan da ke cin yaranmu ba a otal yake ba. Yana kududdufin da aka haƙa don yin tubali aka bar shi ya cika da damina, da rijiyar tsakar gida mai buɗaɗɗen baki, da kwalekwalen da aka yi wa lodi fiye da ƙima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, fiye da kashi 90 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ba a manta da jirgin ruwan da ya kife a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, wanda akasarin waɗanda suka rasu a cikinsa ɗaliban Islamiyya ne.

Masu cewa babu kuɗi su dubi Bangaladash, ƙasa mai tasowa kamar tamu. Masu bincike a can sun lura ƙananan yara sun fi nutsewa tsakanin hantsi da azahar, lokacin da uwa ke girki da wanki, kuma galibi a tafkin da ke taku kaɗan daga gida. Sai aka buɗe ɗakunan reno a ƙauyuka, inda mace ɗaya da mataimakiyarta ke riƙe yaran unguwa na waɗannan sa'o'i, manyan yara kuma ana koya musu iyo a tafkin da aka kewaye da gora. Mutuwar yaran da suka shiga shirin ta ragu ƙwarai, har a 2022 gwamnati ta ɗauki nauyin ɗakunan reno 8,000. Kayan aikin dai gora ne da tabarma da ɗan alawus.

Saura masu cewa ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Babu mai ja da ƙaddara, amma tawakkali bai taɓa hana kowa rufe rijiya ba. Uba yana iya rufe ta gidansa; kududdufin unguwa kuwa na kowa ne, shi ya sa babu mai katange shi, kuma irin wannan aiki ake karɓar haraji dominsa. Kafin damina ta kankama, masu unguwanni su ƙidaya kududdufai da matattun rijiyoyin yankunansu, su kai wa kansila da ɗan majalisar jiha a rubuce, su nemi a sa kuɗin katanga da murfi da rigunan kariya na masu shiga kwalekwale a kasafin kuɗi.