Duba Ajin Guba da Alamomin da ke Jikin Magungunan Feshi a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Tun daga shekarar 1975, lokacin da aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, maganin feshi ya samu gindin zama a gonakin auduga da masara da wake na wannan yanki. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana yadda ake gane ƙarfin gubar magani kafin a buɗe shi.

A waccan shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan ƙwari aji-aji. Ma'aunin shi ne yawan maganin da zai kashe rabin ɓerayen gwaji, gwargwadon nauyinsu. A tsarin da ake bi tun 2009, maganin da ƙasa da miligiram 5 a kowane kilo ke yin wannan kisa ta baki, shi ne ajin Ia. Daga 5 zuwa 50 ajin Ib ne, daga 50 zuwa 2,000 kuwa aji na II. Saboda wanda bai iya karatu ba, akan ja layi mai launi a gindin takardar kwalba: ja ga Ia da Ib, rawaya ga II, shuɗi ga III, sannan kore ga wanda ba a cika tsoron gubarsa ta nan take ba. Haka kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin alamomi na bai-ɗaya a 2003, mai hotuna tara, ciki har da ƙoƙon kai da ƙasusuwa a gicciye.

To, amma a nan gizo ke saƙar. Launin nan gubar nan take kawai yake nunawa, ba ya faɗin cutar da ke taruwa a jiki shekara da shekaru. Ko a gubar nan take ma, ba a sakin jiki da shi. Alal misali, maganin ciyawan nan Paraquat a aji na II yake, alhali kuwa ba shi da makari, kuma huhu yake lalatawa. Bugu da ƙari, ajin yana bin ƙarfin haɗin da ke cikin kwalbar ne. Idan manomi ya gauraya magani biyu a tankin feshi, ya samar da wani haɗi wanda babu takardar da ta yi bayaninsa.

Saboda haka muna ganin launi mafari ne kurum. Wajibi ne malamin gona ya duba sunan sinadarin, da adadinsa, da lambar rajistar hukumar NAFDAC, da ranar lalacewa, domin sinadari ɗaya kan zo da sunayen kasuwa barkatai.

Abin da ya fi damunmu shi ne tsiyaye. A kasuwannin ƙauye akan juye magani daga galan zuwa kwalaben lemo, a sayar ba takarda ba launi. Irin wannan ita ce hanyar da Dichlorvos, mai ajin Ib, yake bi ya shiga ɗakin kwana da buhun wake.